Raddi Ga Masu Cewa Ƙirgar Elekturon Ba Ta Shafi Mai Sana'ar Wuta Ba

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin wasu masu sana'ar wuta da 'yan kasuwar kayan lantarki a Kano, tun daga shagunan France Road a Sabon Gari, zuwa na Beirut Road, har rumfunan masu cajin batir da masu haɗa sola a lungunan Fagge. Cewa suke yi abin da ake koya wa ɗalibai a aji, wai kwararar lantarki ƙirga ce ta cajin da ke ratsa waya a kowace daƙiƙa, zancen takarda ne da ba ya ƙulla komai a bakin aiki. A ganinsu wuta wata aba ce da kamfani ke turowa daga tasha, ta biyo waya ta shigo gida, mita ta auna ta, ƙwan fitila da firji su cinye ta, batir kuma ya adana ragowar. Wanda ya san wannan, in ji su, ya san abin da yake bukata, sauran surutun 'yan boko ne. Masu wannan ra'ayi ba mutanen banza ba ne. A cikinsu akwai waɗanda suka yi shekaru suna wayarin gidaje da masallatai, suka yaye yara da yawa a sana'a, kuma hannunsu ya fi na mai digiri sanin waya. Wannan matsayi nasu ne ya sa maganar take da nauyi a kunnen yaran shago, shi ne kuma ya sa bai kamata a bar ta ta wuce babu amsa ba. Hujjojinsu shida ne, zan kawo su yadda suke faɗarsu, in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin nan sai an shimfiɗa abin da ake jayayya a kansa. Duk wani abu da muke taɓawa an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, kuma a jikin kowace ƙwaya akwai elekturon, kowannensu ɗauke da caji. Cajin elekturon ɗaya daidai yake da na ɗan'uwansa, babu ragi babu ƙari, ko daga jan ƙarfe ya fito ko daga dalma. Saboda ƙanƙantar wannan caji ba a iya aiki da shi ɗaya-ɗaya, sai aka yi masa ma'auni mai suna kulom. Mai sayar da gero a Dawanau ba ya ƙirga ƙwayoyi, da mudu yake awo, amma wannan bai hana mudun zama ƙwayoyi masu adadi ba. To kulom shi ne mudun caji, a cikinsa akwai cajin elekturon kimanin 6,240,000,000,000,000,000, wato biliyan 6.24 sau biliyan ɗaya. Da mutanen duniya biliyan 8 za su zauna kowa yana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ci ba barci, sai sun kusa shekara 25 kafin su gama kulom ɗaya. Amfiya kuwa ma'aunin saurin wucewa ce: idan kulom ɗaya ya ratsa wani wuri a jikin waya cikin daƙiƙa ɗaya, an samu amfiya ɗaya. Bolt shi ne yawan makamashin da kowane kulom yake iya saukewa, bolt ɗaya jul ɗaya ne a kan kowane kulom, jul kuwa ma'aunin makamashi ne. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a samu wat, wato makamashin da ake kashewa a daƙiƙa. Taron masana lantarki na Faris a 1881 ne ya tsayar da amfiya da kulom da bolt a matsayin ma'aunai na duniya. Abubuwa uku ke nan daban-daban, caji da kwarara da makamashi, kuma duk kuskuren da za mu gani a gaba daga cakuɗa su ya samo asali.

Hujjarsu ta farko ita ce: wa ya taɓa ganin elekturon, balle ya ƙirga shi? Lamba mai sifiri goma sha shida a bayanta, in ji su, shaci-faɗi ce. Amsa ita ce da sikeli aka gano lambar, kuma an biyo hanyoyi daban-daban an iso wuri ɗaya. A 1833 da 1834 Michael Faraday a Landan ya nuna cewa idan aka ratsa lantarki ta cikin ruwan da aka narkar da gishirin ƙarfe, nauyin ƙarfen da ke mannewa a jikin sandar yana tafiya daidai da yawan cajin da ya wuce. In an ninka caji, nauyi ya ninku. Ta wannan hanya ake yi wa sarƙa da awarwaro rufin azurfa ko na zinare har yau. Amfiya ɗaya tana ajiye miligiram 1.118 na azurfa a kowace daƙiƙa, giram 4 da 'yar ɗoriya ke nan a awa, ko a Landan aka gwada ko a Kano. Daidaiton ya kai har taron masana na Landan a 1908 ya ɗauki wannan nauyi na azurfa a matsayin ma'anar amfiya. Dalilin daidaiton kuwa shi ne kowace ƙwayar azurfa da ke cikin ruwan elekturon ɗaya tak take karɓa kafin ta zauna a jikin ƙarfe, don haka wanda ya auna azurfar ya ƙirga elekturon. A 1897 J. J. Thomson ya tabbatar da samuwar elekturon ɗin kansa a Jami'ar Kambirij. Daga 1909 Robert Millikan da ɗalibinsa Harvey Fletcher a Jami'ar Shikago suka riƙa fesa ɗigon mai ƙanana tsakanin faranti biyu masu caji, suna auna cajin kowane ɗigo daga saurin faɗuwarsa da tashinsa. Abin da suka gani shi ne caji kullum ninki ne na wani ƙaramin adadi guda: ɗaya, biyu, uku, ba a taɓa samun ɗaya da rabi ba. Wannan aiki yana cikin abin da ya ba Millikan kyautar Nobel a 1923. Sannan a ranar 16 ga Nuwamba, 2018, babban taron ma'aunai na duniya a Basai ta Faransa ya yanke cewa cajin elekturon ɗaya kulom 1.602176634 × 10⁻¹⁹ ne cif, kuma daga 20 ga Mayu, 2019 a kan wannan lamba aka gina ma'anar amfiya. Saboda haka duk ogan da ya ɗora mita a kan waya ya karanta amfiya biyar, da ƙirgar ya yi aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Hujjarsu ta biyu ita ce kayan wuta cin wuta suke yi, in ba haka ba me ya sa kuɗin kati ke ƙarewa? Da elekturon ɗin da ya shiga shi ne ke fitowa, in ji su, ai da babu abin da za a biya. A nan gani ya kori ji, kuma kayan gwajin suna cikin jakarsu. A kunna dutsen guga mai wat 1,000, a maƙala mitar nan mai baki a jikin wayar laif, za a ga amfiya huɗu da ɗoriya. A mayar da ita jikin wayar nutural, lambar nan dai za a gani. A haɗa wayoyin biyu a bakin mitar lokaci ɗaya, sai ta nuna sifiri, domin abin da ya tafi daidai yake da abin da ya dawo. Wannan ita ce dokar da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya tsara a 1845: caji ba ya ɓacewa a hanya, ba ya kuma taruwa a mahaɗar wayoyi. A kan wannan doka aka ƙera abin yanke wutar nan mai gano yoyo, wanda ke kwatanta abin da ya fita da abin da ya dawo, da zarar bambancin ya kai kashi 30 cikin dubu na amfiya sai ya katse wuta, don ya gane cewa caji ya sami wata hanya, wataƙila ta jikin mutum. Da fitila da firji suna cinye elekturon, da wannan na'ura ba ta bar wuta ta zauna minti ɗaya a gida ba. Abin da ke ƙarewa makamashi ne. Kowane kulom yana sauke kimanin jul 230 a cikin dutsen guga ya zama zafi, ya ci gaba da tafiyarsa. Illar kuskuren kuwa a fili take: wanda ya yarda cewa wuta ta ragu bayan ta ratsa na'ura shi ne zai ga babu laifi a sa siririyar waya a layin dawowa don rage kuɗi, alhali a layi mai fes ɗaya amfiyar da laif ke ɗauka ita nutural ke ɗauka.

Hujjarsu ta uku ita ce saurin wuta. Suna cewa ana danna makunni fitila ke kamawa, kuma ana kawo wuta gari duka ke haskewa lokaci ɗaya, to wane ne zai ƙirga abin da ke tahowa daga Shiroro zuwa Fagge cikin ƙiftawar ido? Lissafi ya nuna elekturon ba ya wannan gudu. A cikin jan ƙarfe kusan kowace ƙwayar zarra tana sakin elekturon ɗaya da ke yawo sakaka, don haka waya cike take da su tun tana nannaɗe a shago. Idan aka ɗauki waya mai kauri 2.5, irin wadda ake ja wa soket, aka ratsa amfiya 10 ta cikinta, aka raba wannan kwarara da yawan elekturon da ke cikin wayar, sai a ga tafiyarsu gaba ba ta wuce kashi uku cikin goma na milimita a daƙiƙa ba, kimanin mita ɗaya a awa. A irin wannan tafiya, elekturon da ya taso daga madatsar Shiroro, mai nisan sama da kilomita 300 ta layin Kaduna, sai ya haura shekara 30 bai iso tashar wuta ta Kumbotso a Kano ba. Abin da ke gudu kusa da saurin haske shi ne turin da ke motsa su, wanda ke bin wayar ya tayar da elekturon ɗin da suke zaune a kowane ɓangare kusan lokaci guda. Bugu da ƙari, wutar gwamnati a Najeriya mai kai-da-komo ce, tana zagaye 50 a daƙiƙa, wato tana juya alkibla sau 100. Elekturon ɗin da ke cikin wayar gida rawa kawai suke yi a wuri ɗaya, kuma faɗin rawar bai kai kaurin silin gashi ba. Hujjar da ta fi kashe baki ita ce taransifoma. Wutar da ta zo Kumbotso a kan bolt 330,000 ana sauke ta zuwa 132,000, a tashoshi irin na Ɗan'agundi a sauke ta zuwa 33,000, daga nan zuwa 11,000, sannan taransifomar unguwa ta mayar da ita ta gida. A cikin taransifomar unguwa nadin shiga da nadin fita ba a haɗe suke ba, ƙarfin maganaɗisu ne ke tsallakar da makamashi daga wannan zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa buɗe ƙaramar taransifoma ya ga haka da idonsa. Kamfanin rarraba wuta na KEDCO bai taɓa sayar wa kowa elekturon ba. Elekturon ɗin mai gida ne tun ranar da ya sayi waya, turin da ke motsa su ake biyan kuɗinsa.

Hujjarsu ta huɗu ita ce wadda ta fi shafar aljihu. Suna cewa amfiya ita ce yawan wutar da ke cikin batir, yunit kuma yawan wutar da mita ta ƙirga, duk abu ɗaya ne, babu bukatar dogon bayani. Ba abu ɗaya ba ne. Yunit ma'aunin makamashi ne, wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, jul miliyan 3.6, kuma shi ne abin da hukumar NERC ta sa wa farashin naira 225 ga 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024. Abin da aka rubuta a jikin batir kuwa, 200Ah, amfiya-awa ne, wato amfiya sau awa, kuma wannan ma'aunin caji ne zalla: amfiya-awa ɗaya kulom 3,600 ne. Ba a sanin makamashin batir sai an ninka wannan caji da bolt. Batir mai 200Ah a kan bolt 12 yana ɗauke da yunit 2.4 ne a rubuce, kuma idan na dalma ne ana son a tsaya wajen rabi don ya yi tsawon rai. Idan aka jera batir biyu a jere aka samu bolt 24, amfiya-awa tana nan 200, domin cajin da ya ratsa na farko shi ne ya ratsa na biyu. Makamashin ne ya ninku. Mai haɗa sola da ya ce wa mai gida yanzu yana da 400Ah a kan bolt 24 ya ninka masa fata sau biyu a banza. Haka abin yake a fawa bankin da ake sayarwa a Beirut Road. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh an auna shi ne a kan bolt 3.7 na ƙwayoyin batir ɗin ciki, wat-awa 74 ke nan. Da an ɗaga shi zuwa bolt 5 na bakin caja sai ya koma 14,800mAh, tun kafin a cire abin da ya tafi a zafi. Wannan asara ta zafi ce ta sa mai waya mai batir 5,000mAh yake sa ran caji huɗu, ya ga da ƙyar ya samu uku, ya koma yana rigima da mai shago, alhali lissafin ne ba a yi masa ba.

Ƙirgar tana kuma tona asirin jabu. Batir mai caji ba ya ɗauke da elekturon fiye da wanda ya mutu, abin da ya adana sauyi ne na sinadarai. A batirin dalma kowace ƙwayar dalma elekturon biyu take bayarwa, don haka kowace amfiya-awa tana bukatar aƙalla giram 3.87 na dalma a farantin negatib da giram 4.46 na sinadarin dalma a farantin fozitib, a kowane ɗaki cikin ɗakunan batir shida. Batir mai 200Ah ba zai yi da ƙasa da kilo 10 na wannan sinadari mai aiki ba ko da kowace ƙwaya ta ba da nata, alhali a aikace wani kaso ne kawai ke shiga aiki. In aka ƙara ragar da ke riƙe sinadarin da ruwan batir da akwati, shi ya sa nagari ke kai wajen kilo 60. Wanda aka rubuta masa 200Ah yaro ya ɗauke shi da hannu ɗaya, rubutun ƙarya ne. Haka fawa banki mai 50,000mAh na gaskiya sai ya haura rabin kilo, domin ƙwayar batir irin 18650 mafi kyau ba ta wuce wajen 3,500mAh ba, kuma sai an haɗa goma sha huɗu ko sha biyar. Za a ce, to idan ƙirga ce tsayayya, me ya sa batir ɗaya ke ba da awanni da yawa a ƙaramin lodi, ya gaza a babba? Dalili shi ne an auna 200Ah ne a jan hankali, galibi amfiya 10 na awa 20. In aka fizgi amfiya 80, ruwan batir ba ya samun lokacin ratsawa cikin faranti, sai bolt ya faɗi tun sauran sinadari bai ba da nasa elekturon ba. Bajamushe Wilhelm Peukert ya bayyana wannan tun 1897. Ƙirgar ba ta saɓa ba, adadin ƙwayoyin da suka sami damar shiga aiki ne ya ragu.

Hujjarsu ta biyar ta waɗanda suka ɗan leƙa littafi ce, kuma ita ce mafi ƙarfi. Suna cewa masana kansu sun saɓa wa juna: a zane ana nuna kwarara tana tashi daga fozitib zuwa negatib, ana kuma cewa elekturon daga negatib yake tafiya zuwa fozitib. Sannan a cikin ruwan batir ba elekturon ne ke yawo ba. Sannan idan wutar gida kai-da-komo take yi, jimillar abin da ya wuce sifiri ne, to me ake ƙirgawa? Duk abubuwan nan uku gaskiya ne, amma ba su rushe komai ba. Benjamin Franklin ne ya sa alamun fozitib da negatib a shekarun 1740, shekara kusan 150 kafin a gano elekturon, kuma aka ci gaba da bin alkiblarsa don an riga an gina littattafai da na'urori a kanta. Cajin negatib da ya yi gabas da cajin fozitib da ya yi yamma, lissafinsu ɗaya ne a mita. A cikin ruwan batir da jikin ɗan'adam kuwa, masu ɗaukar caji ƙwayoyin zarra ne da suka rasa elekturon ko suka sami ƙari, kuma cajin kowannensu ninki ne na cajin elekturon, ɗaya ko biyu ko uku. Saboda haka ingantacciyar magana ita ce kwarara ƙirga ce ta caji, cajin elekturon kuma shi ne ƙwayar da ake ƙirgawa da ita, ko wane ne ya ɗauko shi. Game da kai-da-komo, zafin da waya ke yi bai damu da alkibla ba, tafiya tana ɗumama ta, dawowa ma tana ɗumama ta. Lambar da mita ke nunawa ita ce adadin kwarara mai alkibla ɗaya da za ta haifar da zafi daidai da wannan. Wannan hujja tasu gyara ta yi wa lafazi, ta bar asalin magana a inda yake.

Hujjarsu ta shida ita ce wadda suke rufe baki da ita: mun yi shekara talatin muna aiki ba mu san elekturon ba, kuma fitilunmu suna kamawa. Gaskiya ne, kuma ƙwarewar hannu abar girmamawa ce. Sai dai aikin ya canja a hannunsu. Da can wayarin gida a kan bolt ɗaya yake, kaurin waya sananne ne, wanda ya bi abin da ogansa ya koya masa ya tsira. Yau sola da inbata sun shiga gidaje da shaguna, har kasuwar Muhammad Abubakar Rimi ta Sabon Gari ta shiga shirin hukumar REA na ba kasuwanni wutar sola a 2018, kuma mutum ɗaya yana aiki da bolt 12 da 24 da 48 da 230 a ɗaki guda. A nan al'ada ba ta isa, sai lissafi. Kayan wat 1,000 suna jan amfiya 4.3 a ɓangaren bolt 230, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 suna jan sama da amfiya 83, domin kowane kulom jul 12 kacal yake kawowa, dole a tura kulom masu yawa. Zafin waya kuwa yana tafiya ne da kwarara sau kanta. Kwarara ta ninku sau 19, zafi ya ninku fiye da sau 360 a waya iri ɗaya. Yaron da ya ɗauki wayar soket ya haɗa batir da inbata, don ya ji ana cewa bolt 12 ƙaramar wuta ce, ya dasa gobara. Haka idan wuta ta yi lo, mutane suna ɗauka kaya sun huta, alhali injin firji da na famfon samo ƙara jan amfiya suke yi don su cika aikinsu, nadinsu ya yi zafi ya ƙone. Sitabilaizar da ke ba da wat 1,000 daga bolt 150 tana jan kusan amfiya 7 daga bango. Wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe, wadda ake sayarwa da sunan ta gaske, kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinta ke wucewa da shi take iya wucewa da shi a kan turi iri ɗaya. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta lashe dubban shaguna, ya kuma ga gobara a Kantin Kwari ba sau ɗaya ba, bai kamata ya ɗauki lissafin zafin waya a matsayin zancen takarda ba, ko mene ne musabbabin waɗancan gobarori.

Har rayuwar mai aikin kansa tana rataye da wannan bambanci. A lokacin hunturu mutum yakan taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi ya tsikare shi. Wannan tartsatsi yana iya kai bolt 10,000, amma cajin da ke cikinsa kashi ɗaya ko biyu ne cikin miliyan na kulom, ya wuce nan take, shi ya sa ba ya kisa. Wutar gida bolt 230 ce kawai, amma tana da tushen da ba ya yankewa, tana iya ci gaba da tura kashi 50 ko 100 cikin dubu na amfiya ta ƙirjin mutum, wanda ya isa ya rikita bugun zuciya. Tsawa kuma cajin da take saukewa daga kulom kaɗan ne zuwa gomomi, alhali batirin waya mai 5,000mAh yana zagaya kulom 18,000 kafin ya mutu. Bambancin shi ne tsawa tana sauke nata cikin ƙasa da daƙiƙa a kan miliyoyin bolt, kwararar ta kai dubban amfiya. Ba a fahimtar ɗaya daga cikin waɗannan uku sai an tambayi caji nawa, cikin wane lokaci, a kan bolt nawa.

Hukuncin da hujjoji suka kai mu shi ne cewa ra'ayin nan bai tsaya ba ko a gaba ɗaya daga cikin shida. An auna cajin elekturon, na'ura ba ta cinye shi, ba daga tasha yake zuwa ba, amfiya-awa ba yunit ba ce, kuma rashin sanin haka yana jawo asarar dukiya da ta rai. Kirana ga iyayen sana'a a Fagge da Sabon Gari shi ne su ƙara wa yaransu layi uku a kan abin da suke koya musu na hannu: caji shi ne amfiya sau lokaci, wat shi ne bolt sau amfiya, zafin waya kuma yana bin amfiya sau amfiya. Ƙungiyoyin masu gyaran wuta su nemi haɗin kai da malaman Jami'ar Bayero da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano a riƙa yin bita da Hausa, da mita a hannu. Kai kuma mai saye, kada ka ba da kuɗinka a kan batir ko fawa banki ko waya sai ka tambayi bolt nawa, amfiya nawa, awa nawa, ka ninka da kanka kafin ka bar bakin shago.